Ku Tambayi Tsohon Kadi: Ba girin-girin ba, ta yi mai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Wata bakwai ke nan da na fara buga golf a nan Kaduna. Ranar Asabar da ta wuce musu ya kaure tsakanin abokan wasana biyu. Ɗaya bai daɗe da dawowa daga Dubai ba, ya rantse babu ƙasar da ta kama ƙafarsu wajen kyan fili. Ɗayan ya ce Amurka ce uwa, hujjarsa kuwa filin Augusta da muke gani a talabijin. Ni dai na yi shiru, don ban taɓa buga wasa a wajen Najeriya ba. Baba, wace ƙasa ce ta fi filayen golf masu inganci? Daga ɗanka, ma'aikacin banki a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Shirun da ka yi ya fi maganar abokan naka duka biyu, domin kowannensu ya ga fili ɗaya ko biyu ne ya yanke wa ƙasa guda hukunci. Kuma na san ma'aunin da suka yi amfani da shi: kore. Wanda cikinsu ya ga ciyawar da ta fi sheƙi, shi ne a ganinsa ya ga fili. Ban ga laifinsu sosai ba. Ko sunan da wasu 'yan jarida suka laƙaba wa wasan, ƙwallon lambu, yana sa mutum ya ɗauka ingancin fili kamar na lambun latas ne.

Ni a filin da babu ciyawa na koyi wasan nan. Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara aikin kadi, wato ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, jakar ta kusa kai ni tsawo. Wurin da rami yake, wanda a wasu ƙasashe shimfiɗar ciyawa ce ake ce mata girin, mu namu yashi ne da aka tankaɗe aka cuɗa da baƙin man mota aka daddale, ana ce masa burawun. Aikina na farko da asuba shi ne in ja wani tsohon buhu da aka ɗaura wa sanda, in zagaya daga bakin rami zuwa waje har sawun awaki da na kadangaru su ɓace. In 'yan wasa sun iso, sai in sake share wata siririyar hanya daga ƙwallo zuwa rami. Ƙwallon da ya faɗo daga sama a kan burawun ba ya tsalle, sai ka ji tim, ya zauna. In ka gangara shi kuwa, ba ya karkacewa don wani tsiro ya tare shi. Tafin ƙafata baƙi ƙirin yake kwana, mahaifiyata kullum sai ta yi faɗa saboda tabarma. Sai da na girma na koma ɓangaren masu kula da fili, na yi shekaru ina fama da famfo da injin yankan ciyawa, sannan na fahimci abin da zan faɗa maka yanzu.

Mu fara da lissafi, tunda kai ma'aikacin banki ne. Filayen golf a duniya sun ɗan haura 38,000, kuma kusan 16,000 daga ciki a Amurka suke. Japan ce ke bi mata da kimanin 3,000. To ƙasar da ke da fili 16,000 dole ka samu na ƙwarai a cikinta, dole kuma ka samu wanda ko kai ba za ka yarda ka biya kuɗi ka shiga ba. Idan da zan yabi Amurka, ba don Augusta zan yabe ta ba. Zan yabe ta ne don kusan kashi uku cikin huɗu na filayenta kowa na iya biya ya shiga. Akwai wani a jihar New York, Bethpage Black, mallakar gwamnatin jiha ne, direban tasi na iya kama layi ya buga, amma a nan aka yi babbar gasar US Open a 2002 da 2009.

Augusta kuwa, abokinka yana ganinta ne mako ɗaya tak a shekara, cikin watan Afrilu, lokacin gasar Masters. Ka tambaye shi ko ya taɓa ganin hotonta a watan Yuli. Rufe filin ake yi tun ƙarshen Mayu sai Oktoba, saboda zafin jihar Jojiya. Wannan koren da ke ɗaukar ido, wani irin ciyawar sanyi ne da ake watsawa kowace kaka a kan ciyawar zafi da ke ƙasa. A ƙarƙashin kowane girin akwai bututai da injin da ke zuƙe ruwa in an yi ruwan sama. Farin yashin nan mai kama da sukari, daga wata jiha ake kawo shi. Ga shi kulob ne na 'yan gata, mambobinsa ba su wuce ɗari uku da wani abu ba, sai an gayyace ka kake shiga. Baƙar fata bai buga Masters ba sai 1975, da Lee Elder, mata kuma ba su zama mambobi ba sai 2012. Kar ka ji na ce filin ba shi da kyau. Bobby Jones da Alister MacKenzie da suka tsara shi a farkon shekarun 1930 sun san aikinsu, tudu da gangaren wurin su ne ainihin dukiyarsa, kuma talabijin ba ta nuna su yadda suke. Amma amarya ce ranar kai ta ɗaki. Ba ka auna matan gari da ita.

Sau ɗaya Allah ya kai ni Sikotlan, wani kwas na mako uku na masu kula da fili. Ranar Lahadi aka ce mu je St Andrews, inda ake yi wa kallon mahaifar wasan. Na sa hular sanyi har biyu duk da cewa wai lokacin zafinsu ne. Da muka isa na tambayi wanda ya kai mu, ina filin? Ya ce kana tsaye a kai. Wallahi da a gida ne da na ce makiyaya ce da aka gama kiwo a kanta. Ciyawar gajera, ruwan ƙasa-ƙasa, babu bishiya ko ɗaya a tsakiya, ga iska daga teku tana neman ture mutum. Tsofaffi na yawo da karnuka, yara na guje-guje, wasu na ɗaukar hoto a kan wata 'yar gadar dutse da ba ta fi taku goma ba. Ashe ranar Lahadi ba a wasa a wannan fili da ake kira Tsohon Fili, sai in gasa ake yi. Hutawa yake, jama'ar gari su sha iska, don filin na jama'a ne.

Na durƙusa na danna babban yatsana a ƙasa. Bai shiga ba. Na saki ƙwallon da ke aljihuna daga tsayin kafaɗa, ya yi tsalle kamar a kan daɓe. Nan na gane abin da malaminmu yake ta nanatawa: ƙarƙashin wurin yashin bakin teku ne zalla, ko an kwana ana ruwa, da safe ba ka ganin taɓo. Ciyawar da ke kai ba ta son taki da yawa, ba ta son ruwa da yawa, yunwa da ƙishi ne ke ƙara mata kyau. Babu wanda ya zo da katafila ya ƙera tuddan nan, iska ce ta tara su. Tun ƙarni na 15 ake wasa a wannan yanki, har a 1457 Sarki James na Biyu ya hana golf don ya ga samari sun bar koyon harbin kibiya. Ramuka 18 da duk duniya ke bi yanzu ma daga nan ne: da 22 ne, a 1764 suka rage. Kuma a yau ramukan nan 18 girin 11 kacal suke da shi, don bakwai daga ciki manya ne, rami biyu-biyu ke raba su. Ramukan yashi, wato tarkon da ke kama ƙwallo, 112 ne, wasu ba ka ganinsu sai ka faɗa, wasu kuma in ka shiga kanka kawai ake hangowa. Kuɗin buga zagaye ɗaya a lokacin zafi ya haura fam 300, kuma mutane daga Amurkar da Dubai ɗin suna shiga ƙuri'a don su samu gurbi.

Me suke nema a makiyaya? Tunani. A fili mai laushi da aka jiƙa sharkaf, wasa ɗaya ne: ka san nisa, ka zaɓi sanda, ka ɗaga ƙwallo sama, ya faɗo ya tsaya. A fili mai tauri da iska, rami guda na iya zama wasa uku cikin kwana uku. Yau ka ɗaga, gobe ka gangara shi ta ƙasa tun daga nesa, jibi ka bi ta hagu don ka tsere wa ramin yashi. A 2006 an yi babbar gasar Birtaniya, Open, a Hoylake ta Ingila cikin fari, filin ya bushe ya yi ja. Tiger Woods ya ci gasar, kuma cikin ramuka 72 sau ɗaya ya zaro babbar sandarsa ta dogon bugu. Da ƙwaƙwalwa ya ci, filin ne ya tilasta masa.

Dubai fa? Ina jinjina musu, don sun yi abin da ƙasarsu ba ta ba su ba. A 1988 aka buɗe Emirates Golf Club, filin ciyawa na farko a Gabas ta Tsakiya, a tsakiyar rairayi. Yanzu suna da filaye masu tsafta, ma'aikata kamar ƙudan zuma, har akwai inda ake kunna fitilu a buga da dare saboda rana. In hidima kake so, a karɓi jakarka tun daga mota, a miƙo maka tawul mai sanyi, abokinka bai yi ƙarya ba. Amma ka kashe famfo na mako biyu a watan Agusta ka koma ka duba. St Andrews in an bar ta, tumaki ma sun isa su riƙe ta.

In ka matsa mini in zaɓa, to ga nawa ra'ayin, kuma ra'ayi ne. Wajen ƙasar da Allah ya yi don wasan, tsibiran Birtaniya da Ayalan ne gaba, sai yankin yashi na birnin Melbourne a Ostireliya, inda MacKenzie ɗin nan ya je a 1926 ya tsara Royal Melbourne. Wajen yawa da sauƙin shiga, Amurka. Wajen ladabi da kula, Japan, inda bayan rami tara ake tsayawa a ci abincin rana a natse, kuma tsofaffin filayensu da dama girin biyu suka yi wa kowane rami, ɗaya na ciyawar zafi ɗaya na ciyawar sanyi. Kana iya tuna 2021, da Hideki Matsuyama ya ci Masters, kadinsa ya mayar da tuta rami na 18 ya cire hula ya rusuna wa filin. A matsayina na tsohon kadi, ban ɓoye maka ba, sai da na share ido.

Gobe in ka je filinku, ka bar kallon launi. Ka je washegarin ruwan sama mai ƙarfi ka ga ko takalminka zai nutse. Ka gangara ƙwallo uku daga wuri ɗaya a kan girin ka ga ko hanya ɗaya za su bi. Bayan ka gama, ka zauna ka gwada tuno ramukan 18 ɗaya bayan ɗaya, ka ga nawa ne suka tsaya maka a rai. Sannan ka koma cikin Maris. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin noma a Yamai. Akwai filin golf na yashi a wajen gari, Rio Bravo, na ji wasu baƙi suna yi masa dariya wai ba fili ba ne. Shin ƙasashenmu na Sahel za su taɓa samun fili mai inganci ba tare da an yi ɓarnar ruwa ba? Ni abin yana damuna, ganin yadda mata ke wahalar ɗebo ruwa.

AMSA: Barka kadai, 'yata. Tunda noma kike karanta, mu yi lissafin tare. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. A ce cikin bazara ciyawa na shan milimita 6 a yini, kuma kin san a Yamai ko Sakkwato tana iya wuce haka. A ce kuma ana son a kore hekta 30. Lita miliyan 1.8 ke nan kullum, jarka 72,000 ta 'yan garuwa. Damuwarki tana kan hanya. Amma girin 18 gaba ɗayansu ba su cika wuce hekta ɗaya da rabi ba. In su kaɗai za a shayar, abin bai kai lita 100,000 ba, kuma ba dole sai ruwan sha ba: yawancin filayen Dubai da ruwan bahaya da na wanka da aka tace suke ban ruwa.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona, ba zan faɗi wurin ba. Wani shugaban kulob da muka yi ya kalli Masters, ya dawo ya ce shi ma irin waccan ciyawar yake so. Na ce ranka ya daɗe, ciyawar sanyi ce, ba za ta ga Afrilu ba. Ya ce ni da na tashi da buhu a hannu me na sani. Aka yi odar iri daga Turai da kuɗi masu yawa, aka kankare kiri-kirin da ke wurin, aka shuka cikin Nuwamba. Gaskiya lokacin hunturu ta yi kyau, har masu ɗaukar hoton biki suka fara zuwa. Shugaba yana wucewa yana kallona yana murmushi. Ran da iskar bazara ta juyo, cikin kwana goma girin ya yi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Muka riƙa ban ruwa sau uku a yini, saiwar ta ruɓe, rijiyar burtsatse ɗaya ta ƙafe. Da damina ta sauka, me ya fito? Kiri-kirin da aka kankare. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba, a ɓoye dai, don ina son aikina.

Abin da shugaban bai sani ba, kiri-kirin nan da ke bin bakin rijiya da gefen hanya a garuruwanmu, ita ce Turawa ke kira ciyawar Bamuda, kuma 'ya'yanta da aka inganta su ne shimfiɗe a filayen Florida da na ƙasashen Larabawa da yawa. Ciyawar kikuyu ta Kenya ma haka ta yi tafiya har filin Riviera na Los Angeles. Namu ne ya je ya yi karatu ya dawo da tsada.

Su kansu Amurkawa sun fara dawowa daga rakiyar kore. Filin Pinehurst na 2 da ke North Carolina, kafin US Open ta 2014, sun tuge ciyawar gefe-gefe mai yawa suka mayar da wurin yashi da tsiron daji kamar yadda yake a da, ruwan da suke sha ya ragu da fiye da rabi. Masu kallo a talabijin suka yi ta ƙorafi wai filin ya ƙone. 'Yan wasa kuwa suka yaba.

Masu yi wa filin yashi dariya kuma, ki gaya musu akwai wani gari na masu haƙar ma'adinai a hamadar Ostireliya, Coober Pedy, filinsu ko ƙwayar ciyawa babu, kowa da ɗan guntun kafet ɗin ciyawa yake yawo yana ɗora ƙwallo a kai, kuma suna da yarjejeniyar zumunci da St Andrews. Aibin burawun ɗaya ne a wurina, baƙin man nan yana lalata ƙasa, yana iya bin ruwa ya shiga rijiya. A wasu wurare sun koma amfani da man tsirrai. Ke da kike jami'a, ga aikin bincike nan: wane mai ne cikin namu zai riƙe yashi bai yi wari ba, bai kuma tara tururuwa ba? In kin samo, ki rubuto mini.

TAMBAYA: Baba, a Afirka ina Najeriya ta tsaya? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: A baya, ɗana, kuma da tazara. Filayen Afirka duka ba su kai 1,000 ba, kusan rabinsu a Afirka ta Kudu. Su suna da irin Leopard Creek da ke jikin gandun dajin Kruger, kana bugu dorina na kallonka daga kogi, da Fancourt inda aka yi gasar Presidents Cup a 2003. Maroko na biye, tun da Sarki Hassan na Biyu ya kamu da son wasan ya sa aka gina Dar Es Salam a Rabat, aka fara gasar kofinsa a 1971. Kenya ma ta wuce mu, gasarsu ta shiga jerin manyan gasannin Turai tun 2019.

Mu ba tarihi muka rasa ba. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza. Gasar Nigerian Open da aka riƙa yi a Ikoyi ta Legas ta taɓa zama zangon da manyan gobe ke bi: Sandy Lyle ya ci a 1978 kafin ya ci Open da Masters, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989. A 1981 wani Bature, Peter Tupling, ya gama ramuka 72 da bugu 255 a Ikoyi, a kan burawun, adadin da ya daɗe ana ambatonsa a duniya saboda ƙarancinsa. Muna kuma da filin IBB na Abuja tun 1991, wanda tsarinsa ba abin kunya ba ne a ko'ina. Ciwonmu na kullum ne: mun iya ginawa da buɗewa da yanka kintinkiri. Injin yankan girin kuwa yana son a wasa wuƙarsa a kai a kai, yana son kayan gyara, yana son ma'aikacin da aka biya albashinsa a kan kari.

TAMBAYA: Malam, wani ya ce mini ƙwallo ya fi tafiya nesa a Jos. Gaskiya ne ko cika baki? Daga wani soja mai ritaya a Zariya.

AMSA: Gaskiya ne, yallaɓai. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, iskar can ba ta da kauri kamar ta Legas, don haka ba ta riƙe ƙwallo sosai. A Nairobi da Johannesburg, da suka kai wajen mita 1,700, abin ya fi haka, 'yan wasa kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma a lissafin nisansu. In ka haɗa da ƙasar hunturu mai tauri, ƙwallon da ka saba gani ya tsaya a mita 200 sai ka same shi ya wuce 220. Sai dai ka sani, wanda ka buga a karkace ma haka zai ƙara nisa cikin daji, ka tafi da ƙwallaye da yawa, ka kuma ba kadinka na goro mai kauri, don shi zai shiga cikin duwatsun nema.